Kujerar Ciyaman

Kwana arba'in ina goge kujerar nan,
ba mai hawa sai ƙadangare.
Tabarau ɗin marigayi na aljihun tebur
tare da ɓarin goro, ya ƙeƙashe.

Waje kuwa Kumo ta cika da fastoci,
fuska bisa fuska, har bangon asibiti.
Jalo ya ce zai haƙa burtsatse.
Gidado ya ce biyu.
Marigayi uku ya ce, Allah ya jiƙansa.

Ran Asabar na dangwala,
na dawo da tawada a farce.
Goggo Dudu ta ce, wa ka zaɓa?
Na ce, Goggo, ni masinja ne,
duk wanda ya zo, shayinsa sukari biyu.

Sannan na ɗauki jarka
na tafi neman ɗan garuwa.