Mai Ƙafar Ƙarfe

A Ƙofar Marusa nake da rumfa,
gwangwanin fenti bakwai, buroshi uku,
da bencin da dutse ya zame wa ƙafa.
Ni ke sa wa allunan gari baki:
na mai wanki, na mai gyaran waya, na mai faci.

Wata Laraba Alhaji Jari kafinta
ya ce a rubuta nasa da Turanci,
wai shi ya fi jawo masu albashi.
Na zuba shuɗi a kan fari,
na ja baya, na riƙe ƙugu,
kamar ni na gina ganuwa.

Sai ga keke mai kukan birki.
Malam Abashe ne.
Shekara tara da barin aji,
jan biro bai bar aljihunsa ba.
Ya karanta a hankali, leɓe na motsi,
ya ce, "Tanimu, ina suke?"
Na ce, "Su wa, Malam?"
"Mutanen nan masu ƙafar ƙarfe.
Ka ce ana sayar da gado
ga mutane masu ƙafar ƙarfe.
Ni tawa ta ƙashi ce, ga sanyin gwiwa,
ashe a tabarma zan ƙare."

Mai shayi ya ƙware da dariya.
Ni kuwa na rasa inda zan sa ido.

Ya jingine keken, ya tsuguna,
ya ja layi da tsinke a ƙasa.
"Siffa a Turanci makauniya ce,
ba ta tambayar waye ɗan jagora.
Kafaɗar da hannunta ya fara taɓawa,
ita take bi har gida.
Ka ajiye ta nesa da mai ita,
ta shige gidan maƙwabta.

Ka manta akuyar da ka yi cigiya a aji biyu?
Akuyar wata tsohuwa mai ƙaho ɗaya.
Har yau ina neman tsohuwar nan.
Da ruwan da ka ce yana tafiya kasuwa ya doke ka,
ban dai ji abin da ya sayo ba."

Ya ce, "Ba a ce ka sayi sabuwar kalma ba.
Ɗauki wadda ke nan ka matsar.
Ƙafa ta koma jikin gado,
ƙaho ya koma kan akuya,
mai tafiya ya fito fili a gan shi."

Na goge. Fari ya ci rabin gwangwani,
Alhaji Jari bai ƙara ko sisi ba.
Amma tun ranar, kafin in tsoma buroshi,
sai na tambayi kowace kalma:
ke, hannun wa kika kama?

Bara da damina keken ya daina wucewa.

Tsofaffin ɗalibai suka kawo ƙyalle kamu huɗu,
a rataya a zauren makaranta,
suka ce, kai ne nasa, kai za ka rubuta.
Na zauna bayan isha'i da fitilar waya,
na rubuta da Turancin da ya bar mini:
muna tuna malamin da ya koyar da mu da hawaye.

Sai na ji kamar kukan birki a bayana.
Hawayen wa, Tanimu?
Namu ne da muke tunawa,
ko nasa ne, da yana koyarwa?

Na san gyaran. Taku biyu ne kawai:
in ɗauko kalmar in kai ta gaba.
Na ɗaga buroshi.

Sai na tuna wata azahar, aji ya watse,
na koma ɗauko takalmina,
na same shi kan littattafanmu arba'in da shida
yana share ido da bakin hula.

Malam, ka yafe mini wannan ɗaya.
Na bar makauniyar a tsakiya,
hannu ɗaya a kafaɗarka,
ɗaya a tamu.