Ƙulli Uku

Shagona taku huɗu ne a Tudun Wada,
tsakanin mai fotokwafi da mai gyaran fanka.
Kwamfuta ɗaya, kujera biyu,
ta biyun tana ɗingishi, sai an tokare ta da bulo.
A kanta Barira ta zauna wata Talata,
ta kwance bakin mayafi, ta dire kwalba a gabana.

"Yajin daddawa ne.
Shekara sha ɗaya ina daka shi a Jushi.
Yanzu wata a Sabon Gari tana zuba nata a kwalbar bama irin tawa,
tana cewa na Barira ne,
alhali gishiri ya fi rabi.
An ce kai ne mai yi wa kaya fuska."

Na ce, tambari ake cewa.
Ta ce, "Ko ma mene ne, a dai gane ni."

Kwana uku ina fama, ana kawo wuta ana ɗaukewa.
Na zana kambi, na zuba masa ruwan zinare,
na jera haruffa masu wutsiya irin na katin biki,
barkono biyu a gefe suna gaisawa.
Har kaina ya ɗan kumbura:
karatun da na kwaso a Samaru bai faɗi ƙasa banza ba.

Ta matso kusa da allon, ta ja baya.
"Wannan ai na banki ne.
Wanda ya gani zai ce ya fi ƙarfin aljihunsa.
Rabin masu sayena ba su yi boko ba,
ɗan nan, wutsiyoyin nan da wa za su yi magana?"

Na haɗiye abin da ya taso mini.
Na ce, to, zan zo in ga wurin dakan.

Ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin lungu,
atishawa ta nuna mini sauran hanyar.
Aka yi mini iso.
Turmin ya tsage, an ɗaure ƙugunsa da waya,
kanwa da citta a shanye kan buhu.
'Yarta Hansatu ce ke rufe kwalabe:
leda a baki, sai jan zare,
ƙulli ɗaya, biyu, uku,
ta ciza, ta tsinke, ta jawo wata.

Na ce, me ya sa uku?
Barira ba ta ko ɗago ba.
"Haka Inna take yi tun ana ƙunsa shi a takarda.
Ɗaya kan warware. Biyu na kowa ne."
Ta Sabon Garin fa?
"Roba take maƙalawa. Ina ta ga haƙurin zare?"

Na koma na goge kambin,
ko ƙara bai yi ba da ya faɗi.
Farin fili.
Jan layi guda ya taho daga hagu,
ya ƙulle kansa sau uku,
ya bar bakinsa a yamutse, yankan haƙori.
A ƙasa sunanta, da boko, da ajami,
sai lambar waya.

Ta daɗe tana kallo, hannu a haɓa.
"Wannan kwana nawa ya ci maka?"
Na ce, minti arba'in.
"To ai sai ka rage mini kuɗi."
Muka tsaya a dubu shida da kwalba biyu.

Jiya tayar babur ɗina ta sace a Kwangila.
Ina tsaye a rumfar mai faci na hango kwalba kan benci,
yajin ya daɗe da ƙarewa,
noti da ƙusoshi ne a ciki.
Baƙin mai ya cinye sunan, ya cinye lambar,
ƙullin uku dai suna nan, ja wur.

Yaron ya ga ina kallo.
"Na matar Jushin nan ne. Ka san shi?"
Na ce, na ɗan sani.
Na biya kuɗin faci, na ba babur wuta.