Dutse Ya Hau Ni

Tun muna Bishkek na gaya wa Aizirek:
awa uku ne kacal zuwa magangarar ruwan,
na taka hanyar nan ina saurayi,
har dutsen da ake hutawa a kai na sani.
Ta dube ni, ta dubi yaran,
ta ƙara cusa safa biyu a jaka.

Da hantsi muka bar Karakol.
Adilet a goye a bayana,
yana jan kunnuwana kamar linzami,
Bermet a gaba, jan takalmi, sandarta ta fi ta tsawo.
Ko taku ɗari ba mu yi ba
ta durƙusa.
Tururuwa ce ke jan fiffiken fara.
"Baba, tsaya, sai ta kai gida."
Muka tsaya.
Ashe gidan tururuwa da nisa.

Sai rafi, wanda ya narko daga ƙanƙarar sama,
sanyinsa har cikin haƙori.
Gungume ɗaya aka gitta masa.
Bermet ta haye sau ɗaya don ta wuce,
sau shida don daɗi.
Ni ina duban agogo,
rana tana duban ƙeyata.

Duk dutsen da ta gani nata ne.
Fari, mai zane, mai kama da haƙorin kaka,
kuma duk aljihuna suka nufa.
Wando ya fara zamewa,
Aizirek na dariya har da riƙe ciki:
"Kai da ka zo hawan dutse,
ga shi dutse ya hau ka."

Bayan azahar hadari ya sauko kafaɗar tsaunin
ba ko sallama.
Ƙanƙara ta ɓarke kamar ana watsa tsakuwa a kwano.
Adilet ya tsala ihu a cikin kunnena.
Muka ruga, ba sama ba, gefe,
inda hayaƙi ke fita
daga wani zagayayyen tanti na gashin tumaki.

Tsohuwar ba ta tambayi sunanmu ba.
Ta tuɓe wa yaran safa, ta rataya kusa da murhu,
ta gutsura gurasa, ta zuba shayi da madara,
ni kuma ta miƙo min nonon goɗiya mai tsami.
Sai daga baya na ji ana kiranta Saltanat.
Na ce mata magangarar muka nufa.
Ta ce, "Tana nan.
Tun kafin a haife ni take zuba,
ba ta taɓa tambayar wa ya makara ba."

Da sama ta washe, ciyawa na ƙyalli,
dawakai na kakkaɓe jiki,
wani ɗan maraƙi ya lashi tafin Adilet.
Yaron da bai iya kalma goma ba
ya zauna ya ba shi dogon labari.

Ba mu kai ba.
Daga inda muka juya ana jin rugugin ruwan
can bayan itatuwa,
kusa har da ban haushi.
Na ɗan yi jim.
Bermet ta kamo yatsana: "Baba, ƙafata ta ƙare."
Aizirek ta karɓi ƙaramin, na saɓa babbar a wuya,
gangara ta ci gwiwoyina,
yawun barcinta ya jiƙa min gashi.

Yau wata biyu ke nan, na koma ofis.
Jiya ina laluben kuɗin mota
na taɓo wani abu mai santsi a ƙasan aljihu,
guda ɗaya da ya tsere wa wanki,
farin nan, mai kama da haƙori.
Direba na jira,
mutane na tsaki a bayana,
ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa
ina jiran tururuwa ta kai gida.