Awa Bakwai A Baya

Jirgi ya sauke mu Sakkwato da hantsi.
Akwati biyu sun iso, mu ma mun iso,
barcinmu kaɗai aka manta
can wani wuri bisa teku.

Agogon hannuna ya ce sha ɗaya.
Na cikin ƙashina ya ce ƙarya ne,
ko zakara bai motsa ba a Kanada,
koma ka ja bargo.
Wane bargo? Na dafa ƙarfen keke
na janye hannu kamar na taɓa murhu.

Ladan mai keke ya leƙo ta madubi:
"Baƙi, kun taho lahiya? Ina muka nuhwa?"
Marwanatu ta warware takardarta,
wurare tara ta jera tun watan jiya,
kowanne da lokacinsa,
gumin tafinta ya riga ya cinye uku.

A gidan tarihi wani dattijo mai farin tabarau
ya nuna mana wasiƙa cikin gilashi.
Na ƙura ido, baƙaƙen ajami suka tashi
suna tafiya a jere kamar tururuwa.
Na yi hamma, ya yi shiru,
na ce afuwan, na sake wata.

Majema ce ta tashe ni.
Warin jima da bagaruwa
ya yi abin da shayi uku suka kasa.
Jajayen fatu a shanye,
kowace da siffar akuyar da ta bar ta.

A tsohuwar kasuwa ta ɗauki jakar fata,
ya faɗi kuɗi, ta miƙa nan take.
Mutumin ya riƙe haɓa:
"Haba Hajiya, ai ba a haka. Taya mani!"
Ta taya da ido rabi a rufe,
ya rage, ya ƙara mata ƙaramin zabira,
ya ce ta je ta kwanta.

Azahar ta same mu kusa da Hubbare.
Na bi sahu, jikina na rantsuwa asuba ce,
a raka'a ta biyu na zauna zan sallame,
sai na ga duwatsun ƙafar jama'a sun miƙe
sun bar ni ƙasa ni ɗaya.

Sai fura.
Wanda ya ba matafiyi fura da nono da tsakar rana
ƙarƙashin dogonyaro
ya san abin da ya aikata.
Ladan ya ce minti goma muka ce.
Da muka farka inuwa ta koma wancan gefen titi,
shi yana zaune yana gadin takalmanmu.

Wurare shida ba mu gan su ba.
Ya kai mu gadar Rima kafin magariba,
ruwa ya ja baya, ya bar wa manoma gadonsa,
albasa kore shar har inda ido ya gaji.
Na ɗauki hoto bakwai,
duka da ɗan yatsana a kusurwa.

Yanzu ƙarfe biyun dare.
Gari ya kwanta, fanka na juya zafi,
mu kuwa ido tar kamar mujiya,
ciki na tambayar tuwon dare.
Mun baje kilishi bisa takardar nan mai wurare tara,
mai ya huda sunan Gidan Tarihi.
Ta taga maigadi na gyangyaɗi da rediyo a kunne,
ina kallonsa da hassada.

Sai da ladanin unguwa ya gyara murya
muka ji ana taɓa ƙofa a hankali.
Marwanatu ta ce, kayanmu ne suka iso.
Ban ji ƙarshen maganar ba.