Sunana a Rairayin Intamat

Tun assalatu muka bar Tawa,
bayan mota cike da gero da jarkoki,
ni da akwatin sufanu a kan cinya,
takarda a aljihu: injin ruwan Intamat ya mutu.
Gaba da Abalak muka saki kwalta,
direba na bin sawun da ni ban gani ba,
yana tauna goro, yana lissafin tuddai.

La'asar sakaliya, sai ga kore,
kamar an yar da kallabi a tsakar rairayi.
Dabino ba su kai ɗari ba, na ƙidaya.
Albasa fage uku, alkama tafin hannu,
ɗakunan laka, bukkokin jar fata,
da wani jaki da ya ƙi ba mu hanya.

Akawal ya tarbe ni, idanu kawai,
sauran fuskar na cikin rawani,
shuni ya rine masa yatsu.
Na amsa gaisuwarsa da lafiya lau,
yara suka tuntsure, wata ta gyara mini:
Alher ghas.
Na maimaita, harafin ya tsaya mini a maƙoshi
kamar ƙayar aduwa.

Na buɗe cikin inji kafin shayi ya tafasa,
na sha kofi guda a tsaye, na ba shi baya.
Bai ce uffan ba, ya ci gaba da fifita gawayi.
Sai daga baya na gane wautata.

Ƙarfen da na kawo ya gaza da rabin yatsa.
Mota sai Laraba.
Waya ba ta kamawa sai kan tudu,
tudun ma sai in iska ta ga dama.

Kwana huɗu ke nan.
Kukan itacen rijiya ke tashe ni:
Tinna na jan raƙumi taku talatin gaba,
wasaki ya fito, ya amayar da ruwa a kwami,
taku talatin baya.
Inji ya yi wata biyu a kwance,
albasa ba ta ji labari ba.

Rana ta uku na zauna har kofi na ƙarshe.
Gwiwata ta sage, sukari ya hau mini kai,
Akawal ya ɗan sassauta amawali,
na ga yana da wushirya.

Takna, kakar Tinna, ta share rairayi da tafinta.
Sunanka? Na ce Nomau.
Ta ja sanda guda a tsaye,
ta gina ɗaki mai bango uku,
ta ɗiga ɗigo biyu.
Shi ke nan? na ce.
Ni da na shekara goma a lakwal
ina jan sa da haruffa biyar!
Kafin in zaro waya in ɗauki hoto,
akuya ta bi ta kaina ta wuce.

Na nuna mata dutsen bayan rijiya,
inda rubutun mutanen da yake kwance tun ba a san rana ba.
Na ce, can za ki sa ni, Inna.
Ta dube ni, ta ce da Hausarta mai gardi:
Dutse na waɗanda ba su komowa ne.
Baƙo a rairayi ake rubuta shi,
in ya dawo a sake.

Laraba ƙarfe ya zo, inji ya yi tari ya tashi.
Maza suka sa albarka.
Tinna ta kwance raƙumi, ba ta tafa ba,
ta tsaya da igiya a hannu
kamar wadda aka karɓe wa magana a baki.

Yanzu a Tawa, in ciniki ya yi sanyi,
nakan share ƙasar ƙofar shago da takalmi.
Sanda na tuna, ɗaki na tuna.
Ɗigon nan biyu fa,
a jere suke, ko ɗaya bisa ɗaya?
Babu mai gaya mini a nan.