Tuta Ɗari Uku

Alhaji Sallau ya leƙo shagona a Fagge bayan la'asar,
ko zama bai yi ba.
Tuta ɗari uku, in ji shi, kafin Laraba,
rabi tamu, rabi ta maƙwabta.
Sun yi sabon shugaba,
an ce ta Kano zai fara sauka.

Na aiki Ɗanliti Kantin Kwari.
Ya dawo da bandir ɗin kore ɗaya, fari ɗaya,
da yadi goma na ruwan goro.
Yana tambaya, wane koren ne namu?
Na ce yaro, shimfiɗa kawai,
almakashi ne zai raba su.

Keke na tafiya, ni ina tuna Cima,
mahaifiyar babana,
da ta zo daga Damagaram a bayan ayarin kanwa,
ba takarda, ba hatimi.
A Ƙofar Mazugal tambaya ɗaya aka yi mata:
kin sha ruwa?
Ita ta ba ni labarin kakanninta
da suka taɓa zuwa da bindiga suna ƙona rumbuna.
Tana faɗa tana dariya,
tana cire min ƙwallon dabino:
da yaƙi bai ci ku ba, ai aure ya ci ku.

Babana ma ya ɗinka irin waɗannan tutoci,
a kan wannan keken, tun fentinsa bai goge ba.
Shekarar da fari ya kore su,
mutum goma sha bakwai suka kwana a zaurenmu,
tuwo ya koma kunu don ya kai.
Shekarar da hatsi ya yi mana wuya
wani ya aiko da buhun gero daga Tasawa,
bai ma rubuta sunansa ba.

Amma ban manta ɗaya shekarar ba.
Aka ja shinge a iyaka.
Motar albasar Nomau, ɗan kawuna,
ta tsaya kwana tara a rana
har ruwa ya riƙa ɗiga ta ƙasan bodi.
Har yau in ana suya tashi yake.
A watan nan ƙanin Cima ya rasu,
babana ya tafi ta'aziyya ta cikin gonaki, da dare,
a bayan babur, fitila a kashe,
kamar wanda ya ɗauki abin wani.

Kowane sabo in ya hau, abin da yake cewa ke nan:
Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.
Gaskiya ya faɗa.
Sai dai mu ba a rediyo muka ji ba.

Daren Talata aka ɗauke wuta.
Na cire bel ɗin inji, na koma taka ƙafa,
Ɗanliti na haska min da waya yana gyangyaɗi.
Da'irar nan ta tsakiya ta ba ni wuya,
sai da murfin gwangwanin madara na zana ta,
sau ɗari da hamsin.

Laraba na tsaya bakin titi.
Jiniya, babura, baƙin gilashi.
Ban ga fuskarsa ba,
ban sani ba ko ya ga ɗinkina.
'Yan makaranta suka ɗaga, suka gaji,
kafin magariba mai rake yana kore ƙuda da guda.

Da na koma na share shago.
Ƙyallayen kore sun cika kwando,
na juya su, na sake juyawa,
na kasa gane na wace ƙasa ne wanne.
Tasalla ta ce kada in zubar,
ta cusa su a matashi.

Nomau zai ɗora kansa a kai ranar Asabar,
in hanya a buɗe take.
Alhaji Sallau kuwa, cikon kuɗina,
ya ce sai gwamnati ta biya shi.