Kalmomi Uku

Ƙarfe biyun dare, ɗakin kwamfuta, hanyar Batagarawa.
Janareta na tari a bayan taga.
Injuna goma sha shida na jera bisa benci,
kowanne da rumbunsa,
kowane rumbu da kwaɗonsa.
Abin da na uku ya sani, na huɗu bai ji labari ba,
ko da kafaɗunsu na gugar juna.

Lissafin ruwan damina na ba su,
tun daga Jibiya har Mai'aduwa,
na kasa shi kashi-kashi kamar naman watanda.
Lissafi kam sun iya.
Magana da juna ce ta gagara.

Kakana Ɗangoje, in an kira gayya a Rimi,
ba ya taɓa fartanya.
Bakin gona yake tsayawa, hannu a baya:
"Kai, kama wannan kunyar.
Kai kuma dakata, sai ya kai iyaka."
Ina ƙarama na ɗauka lalaci ne.

Sai na ƙera musu ɗan harshe, kalmomi uku kacal:
ajiye, ɗauka, leƙa.
Na girka faifai a tsakiyarsu, wanda ido ba ya gani.
Wanda ya gama ya ajiye, ba ruwansa da mai zuwa.
Mai buƙata ya ɗauka.
In faifan wayam ne, ya jira.

Ƙarfe uku da kwata komai ya tsaya cak.
Na bakwai na jiran na tara,
na tara na jiran na bakwai,
kamar surukai biyu a ƙofar zaure:
"Bismilla." "A'a, bismilla dai."
Sauran sun zuba musu ido,
korayen fitilu na ƙiftawa, man dizal na ƙonewa.

Layi ɗari biyu da sha ɗaya.
A can na rubuta ɗauka
inda leƙa ta isa.
Na bakwai ya rungume abin kowa,
yana jiran a ba shi.

Na goge. Na sake.
Fankokinsu suka ɗauki gurnani tare.

Malam Ilu maigadi ya turo ƙofa da butar shayi.
"Zinatu, da wa kike surutu a daren nan?"
Na ce, "Ba ni ba ce, Baba. Su ne."
Ya dubi bencin, ya daɗe yana duba,
ya ajiye kofi a gefen na bakwai.
Na ɗauka.